Dillali Ya Ce In Bar Aji In Riƙa Zana Masa Dawaki

Assalamu alaikum Yaya. Ni magidanci ne ɗan shekara 33, haifaffen cikin birnin Kano, ina da mata da 'ya'ya biyu. Zane na karanta a Zariya, ɓangaren fenti. Yau shekara shida ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Don zane aka ɗauke ni, amma yanzu an lafta mini wasu darussa biyu da ba nawa ba, ga makin takardu, har nakan yi wata biyu ban taɓa buroshi ba. Albashin kuwa kafin ashirin ga wata ya ƙare.

Bara wani dillalin zane daga Abuja ya sayi zanen hawan sallah guda uku a hannuna. Yanzu ya ce in ajiye koyarwa, zai riƙa karɓar huɗu duk wata, amma dawaki da mahaya kawai yake so, don su ne ake saye. Kuɗin ya ninka albashina. Uwargida ta ce ba ta yarda ba. Mahaifina alaramma ne, da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani, yana kuma zayyanar allo. Tun ranar da ya ga zanen fuskar mutum a ɗakina bai sake leƙowa ba, ya ce yana jiye mini ranar da za a ce in busa wa abin da na zana rai. Abin da ya ƙara karya mini gwiwa, na kai wa tsohon malamina ayyukana, ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Hannu ya faɗa, amma ban gan ka a ciki ba." Tun daga ranar ba na barcin kirki. In bar aikin ne, ko in haƙura da zanen?

Mai zane, Kano

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa aikin hannu albarka, ya raya yaran.

Ka ba dillali da albashi wuri mai faɗi a wasiƙarka, maganar malaminka kuwa layi biyu ka ba ta, amma ita ce ta hana ka barci. Don haka da ita zan fara. Kafin nan ina so ka cire wa ranka cewa zaɓi biyu ne kawai a gabanka, ko barin aji ko barin zane. Ban ga abin da ya wajabta maka ko ɗaya daga cikinsu a bana ba.

Malaminka bai zage ka ba. Mutumin da ya raina aiki ba ya daɗewa yana kallonsa. Ya tabbatar maka da abin da masu zane da yawa suke kwashe shekaru suna nema, wato hannu, sannan ya nuna maka abin da ya rage. Ka duba zanen dawakin nan naka tsakaninka da Allah: daga ina ka ɗauko su? Ina kyautata zaton daga hoton waya ne, naka ko na wani, na Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, doki ya ɗaga ƙafa, mahayi ya ɗaga mashi, ƙura ta tashi a baya. Irin wannan zanen yana rataye a otal-otal da ofisoshin Abuja da Legas, kuma idan aka rufe sa hannun da ke ƙasa da wuya a gane na wane ne. Ba abin kunya ba ne, sana'a ce halal ɗin kasuwa, ta ciyar da gidaje. Sai dai idon mai saye ne ya tsara shi. Abin da malaminka yake tambaya shi ne, me kai ka gani a Kano da baƙo mai kyamara bai gani ba?

Ba kanka farau ba. A makarantar da ka fito, a shekarar 1958, tun tana kwalejin fasaha kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya saboda wannan tambayar. Turawa suna koya musu zane irin na Ingila, su kuma suka ce za su riƙe dabarar amma su koma gida su nemo abin faɗa. Okeke ya koma kan zanen uli da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya koya a wajen mahaifiyarsa. Grillo ya shahara da shuɗin da ke tuna wa mutum rinin adire na ƙasar Yarabawa. Amma wanda labarinsa ya fi kama da naka shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade, ya dawo Khartoum a 1957 da hannu faɗaɗɗe, ya yi baje koli, mutanen gari ba su damu da zuwa kallo ba. Da ya zauna ya yi nazari sai ya lura abin da jama'arsa suke ratayewa a ɗakunansu rubutun Larabci ne da adon gargajiya. Ya koma kan harafi, ya yi ta warware shi yana duba siffofin da ke cikinsa, har salonsa ya fito daga nan. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa. Shi ma, ka lura, malamin zane ne a Khartoum lokacin da yake wannan laluben.

Kai kuwa a zaurenku akwai mutumin da ya san yadda ake dafa tawada da ƙaro, ya san fiƙe alƙalami, ya san inda ja ke zama a wasali da inda rawaya ke zama a hamza, ya san siffar kumsa da kuri da ake ƙirga ayoyi da su, da alamar sumuni da rubu'i da izu, ya san yadda ake raba fuskar allon sauka gida-gida ba tare da rula ta yi masa tunani ba. Wannan ilimin tsara fili ne da launi, irin wanda aka koya maka a Zariya da wani suna. Rubutun Kano na Alƙur'ani sananne ne, har masana daga ƙasashen waje sun zo sun yi nazarin aikin marigayi Sharu Bala Gabari. Ka ƙara da abin da ke bakin ƙofa: shuɗin baba a marinar Ƙofar Mata, aska takwas a ƙirjin babbar riga, adon makuba a fuskar tsofaffin soraye, aikin dukawa a Kasuwar Kurmi, jar ƙasar badala da ke zaizayewa ana gina shaguna a kanta. Wannan na ƙarshen ma kaɗai ya isa aikin shekara guda ga mai ido.

Amma akwai tarko a nan, kuma masu zanen Arewa da yawa sun faɗa cikinsa. Mutum ya ɗauko dagin Arewa ya manna a kusurwar kanbas, ya ce ya koma gida. Malaminka zai kalli wannan ma ya ce bai gan ka ba. Abin nema shi ne yadda ake gina abin: daga ina mai zayyana yake fara layi, me ya sa yake barin wani gida fari, sau nawa marini yake tsoma zane kafin shuɗi ya koma kusan baƙi mai ƙyalli. Idan hannunka ya sha wannan, zai fito a aikinka ko da bango kawai ka zana. Sannan ka kiyaye, kada ka mayar da ayoyi ado a zanen sayarwa. Ba ka san inda za a rataye shi ba, ba ka san hannun da zai taɓa shi ba, kuma wannan kaɗai zai rushe duk abin da kake son ginawa tsakaninka da Alaramma.

Mu zo kan Baba. Maganar da ya faɗa maka ba ƙirƙirarsa ba ce, tana cikin hadisan Bukhari da Muslim, kuma tsoron da yake ji na ƙauna ne: uba ne yake hango wa ɗansa Lahira. A cikin littattafan nan biyu akwai labarin wani mai zane da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da wannan sana'ar yake ci, ya karanta masa gargaɗin, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya ce masa in dai ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya kuma sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, sun tsananta a na farko, sun sassauta a na biyu, wasu malaman kuwa ba su yarda da wannan sassaucin ba. Ni ba mai fatawa ba ne. Ka sami malamin fiƙihu da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka zauna da shi ka faɗa masa ainihin abin da kake zanawa, don ka san matsayin da ka tsaya a kai da hujja. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ka ɗauki wannan hujjar ka je zaure ka yi muƙabala da mahaifinka. Ko ka fi shi nassi ba ka yi nasara ba.

Ka je masa a matsayin almajiri. Bayan la'asar, lokacin da yake zaune da tawadarsa, ka durƙusa ka ce, "Baba, ina so a koya mini zayyana." Kada ka haɗa da wata maganar, kada ka kawo batun dillali. Ka fiƙe masa alƙaluma, ka dama masa tawada, ka karɓi gyara ko da ka ga kamar ka fi shi sanin launi. Zanen fuskokin kuma ka kwashe su daga inda idonsa zai faɗa a kansu, in da hali daga gidan gaba ɗaya. Wannan ladabi ne, ba munafunci ba, tunda ya riga ya san kana yi. Ba na yi maka alkawarin zai sauya ra'ayi a kan zanen mai rai. Mai yiwuwa har abada ba zai sauya ba, kuma haƙƙinsa ne. Amma zai ga ɗansa yana gadon abin hannunsa, kai kuma za ka sami aikin da za ka iya nuna masa kai a ɗage. Ka yi shi da gaskiya, don dattijo yana gane wanda ya zo koyo da wanda ya zo neman kayan kasuwa.

Sai dillali. Huɗu a wata, arba'in da takwas ke nan a shekara, kusan zane ɗaya duk mako, dukansu doki. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, in ya yi kauri ma fiye da haka, don haka za ka koma aiki uku-uku a jere kamar mai ɗinkin sallah. Yanzu kana kukan aji ya cinye maka lokacin zane. A can zane ne zai cinye maka lokacin zane, kuma wannan ya fi wuyar ganewa, don kullum buroshi yana hannunka. Bayan shekara biyu sunanka zai zama na mai dawaki, kasuwa ba za ta yarda ka kawo mata wani abu ba.

Ta fuskar kuɗi kuma, ka ce ya ninka albashinka. Kafin cire kanbas da fenti da katakon firam da kuɗin mota zuwa Abuja, ko bayan cirewa? Ka san yadda kayan zane na waje suka tashi tun da aka saki Naira a 2023. Ka zauna ka yi lissafin abin da kowane zane yake ci, har da kwanakinka. Sannan ka yi wa mutumin tambayoyin da ɗan kasuwa yake yi wa ɗan kasuwa: zai ba da kafin alƙalami? Yaushe yake cika sauran, ranar karɓa ko sai ya sayar? In ya ƙi wani zanen, wa ya yi asara? Ya hana ka sayar wa wani ne? Da sunanka ake sayarwa? Wata nawa yarjejeniyar za ta ɗauka, kuma zai sa hannu a takarda gaban shaidu? Ban ce mugu ba ne. Dillali na gari yana da amfani, shi ya san ƙofar masu saye da kai ba ka sani ba, kuma la'adarsa haƙƙinsa ce. Amma shi kansa bai mallaki kasuwar ba. Ran da masu otal suka ƙoshi da dawaki zai daina ɗaga waya, ba don ƙeta ba. Amsar da zan so ka ba shi ita ce: ɗaya a wata lokacin karatu, biyu ko uku a dogon hutu, a rubuce. In da gaske aikinka yake so zai karɓa. In ya ce ko huɗu ko babu, ka gane lebura yake nema, kuma ka gane tun kana da albashi a hannu.

Uwargida ta yi gaskiya, ita ce take ganin ƙasan tukunya, kuma a wurinta wannan sakin reshe ne a kama ganye. Amma ina zargin labari kake kai mata, ba lissafi ba. Ka sami littafi ka rubuta abin da zane ya kawo da abin da ya ci, wata-wata, ka ajiye inda za ta iya buɗewa. Ku yanke tare cewa kuɗin dawaki kashi uku ne: cefane, kayan aiki, da ajiya da ba a taɓawa. Ku kuma yanke sharaɗin da in ya cika za a sake buɗe maganar barin aiki, misali ajiyar ta kai kuɗin riƙe gida na wata shida, kuma masu saye sun kai uku waɗanda ba su san juna ba. Mace da aka sa a cikin shawara tun farko ba ta zama katanga; sau da yawa ita ce ma take hana yara shiga ɗakin zane.

Koyarwa kuma ba ita ce maƙiyiyarka ba. Grillo ya shafe shekaru masu yawa yana koyarwa da shugabantar sashen zane a kwalejin fasaha ta Yaba. Gani Odutokun yana malami a Zariya ya yi ayyukan da ake tunawa da shi, yana kwarara fenti a kanbas ya bar shi ya gudana sannan ya bi shi da tsari, har hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995. Farfesa Jerry Buhari ya haɗa aji da ɗakin zane shekara da shekaru a jami'ar nan taku. Za ka ce ai waɗannan manyan makarantu ne, da ɗakunan aiki da hutu. Gaskiya ne, amma Onobrakpeya a sakandare ya koyar, St. Gregory's ta Legas, daga 1963 zuwa 1980, kuma a cikin waɗannan shekarun ya ƙago dabarun buga zane da suka fitar da sunansa duniya. Albashi, ko ɗan ƙanƙani ne, yana saya wa mai zane 'yancin yin aikin da ba wanda ya yi oda, kuma irin wannan aikin ne kawai zai amsa wa malaminka.

Abin da yake kashe ka darussa biyun nan ne da aka ɗora maka ba tare da ƙarin ko sisi ba. Wannan kuwa ana iya zama a kansa. Ka nemi ganin shugaban makarantar kafin a fitar da jadawalin zango mai zuwa, ba bayan an fitar ba. Ka je da tayi, ba da ƙorafi ba: a sauke maka darussan, ko a tattara naka cikin kwana uku, kai kuma ka ɗauki nauyin baje kolin zanen ɗalibai ranar taron iyaye da ƙawata bangon makaranta. Masu makarantar kuɗi suna son abin da za su nuna wa iyaye. In sun ƙi, ka fara neman wata makarantar a hankali, kana riƙe da wannan. Ka kuma gyara takardunka: in ba ka da shaidar koyarwa ka yi difilomar ilimi ta bayan digiri, ka yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, ka fara tunanin digiri na biyu a zane, don shi ne ke buɗe ƙofar kwalejojin ilimi inda ake da sashen zane na gaske. Yaran da ke gabanka kuma kada ka raina su. Ka kai su Gidan Makama su zana ƙofofi da bakan gizon ginin ɗakuna, ka sa su haɗa launi da jar ƙasa da gawayi da ƙaro. Gwajin da kake jin kunyar yi a kanbas mai tsada, yi shi tare da su a takarda.

Ga abin da zan so ka ɗora wa kanka daga wannan makon. Ka ware lokaci biyu da ba a taɓawa, ko da bayan asuba ne kafin fita da safiyar Asabar. Ka zaɓi abu ɗaya, badala ko marina ko fuskar allo, ka tsaya a kansa. Ka je wurin da ƙafarka da littafin zane, ka bar wayar a aljihu, don hannun da ya saba kwafar hoto sai an yaye shi. Ka yi ƙanana da yawa a takarda mai arha, kada ka sa ko ɗaya a Instagram tukuna. Yabon da ake yi a can na saurin kallo ne, zai mayar da kai kan doki. Da yawansu za su fito ba kyau, har ka ji kamar hannun ma ya gudu, kuma haka abin yake ga duk wanda ya bar abin da ya iya. Idan ka tara goma sha biyar ko ashirin da kake jin na gida ɗaya ne, ka koma wa malaminka da su, ka tambaye shi wanne ne ya fi kusa. Daga nan a yi maganar nuna su: ka tuntuɓi Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama a kan wuri, ka shiga ƙungiyar masu zane ta Najeriya don ka riƙa jin inda ake baje koli, ka duba gasar matasan masu zane ta LIMCAF da ake yi a Enugu kafin shekarunka su wuce ƙa'idarta, in hali ya samu kuma ka halarci taron bita na hunturu da Onobrakpeya ya fara a Agbarha-Otor ta jihar Delta a 1998, inda masu zane daga ko'ina suke zama su yi aiki tare.

Rashin barcin nan kuma kada ka bar shi ya yi tsawo. In ya wuce makonni yana haɗuwa da rashin cin abinci ko ƙin shiga mutane, ka ga likita, ba gazawa ba ce. Ka rubuto mini bayan dogon hutu in ji amsar da dillalin ya bayar da kuma yadda kuka yi da Alaramma. A gaishe shi, a gaida uwargida da yara.